Yadda Ake Karanta Littafin Almara A Kan Hanyar Tafiya

Littafin almara, irin wanda marubuci yake gina masa duniya ta daban mai aljanu da tsafi da sarakunan da ba su taɓa mulki a ko'ina ba, yana neman nutsuwa fiye da sauran littattafai, domin dole mai karatu ya riƙe sunayen ƙasashe da dangogi da ƙa'idojin sihirin da aka ƙirƙiro. Tafiya kuwa tana ba mutum sa'o'in da babu mai kiransa aiki, sai dai tana zuwa da hayaniya da girgiza da yawan katsewa. Ana iya haɗa su biyun idan an yi shiri.

Mataki na farko shi ne a auna littafin da tsawon hanyar. Wanda zai hau jirgin ƙasa daga Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna, layin da aka buɗe a 2016 mai tsawon kusan kilomita 186, yana da fiye da awa biyu, kuma gajeren labari mai tafiya a kan zare ɗaya ya fi dacewa da shi. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga wata gasar rubutun ƙagaggun labaran Hausa da aka yi a 1933 aka buga su a 1934, duk labaran yawon duniya ne, kuma kowannensu gajere ne da mutum zai ci ƙarfinsa kafin ya sauka. Manyan littattafai masu juzu'i da yawa, kamar The Lord of the Rings na marubucin Ingila Tolkien da aka buga kashi uku a 1954 da 1955, a ajiye su sai tafiyar kwanaki. Ni a ganina kuskure ne a fara irin wannan littafi a cikin mota, domin babukan farko su ne mafi nauyi, a nan ake zuba sunaye da tarihin duniyar labarin. Gara a karanta babi biyu ko uku a gida, a shiga hanya an riga an san jarumin da abin da ya fita nema.

Na biyu, a duba abin hawan. Mutane da yawa suna fama da jiri da tashin zuciya idan sun yi karatu a mota, kuma dalilin sananne ne: ido yana kan shafi yana shaida wa ƙwaƙwalwa cewa jiki a tsaye yake, alhali sashen cikin kunne mai kula da daidaiton jiki yana jin kowace kwana da kowane rami. Jirgin ƙasa da jirgin sama ba su cika jawo wannan ba saboda tafiyarsu ta fi santsi. Wanda motar haya ce tasa, ya nemi littafin da aka karanta da murya, ya sauke shi a waya tun yana gida saboda sabis yana ɗaukewa a hanya, ya cika cajin wayar, ya sa abin sauraro a kunne, idonsa kuma yana kallon nesa ta taga.

Mataki na uku shi ne wanda na fi ba muhimmanci: a riƙe ƙaramin littafin rubutu da biro. Duk sabon suna da ya bayyana a rubuta shi tare da kalma biyu ko uku, wane ne, ɗan wa ne, yana tare da wa. Idan littafin ba shi da taswira, a zana ta da hannu gwargwadon yadda labarin ya kwatanta, dutse a nan, kogi a can, birnin sarki a tsakiya. Wannan shi ke ceton mai karatu idan direba ya tsaya salla ko cin abinci, ko maƙwabcin kujera ya ja shi hira, ya dawo ya tarar zaren ya kuɓuce masa. A bayan littafin rubutun kuma a ware shafuka don tafiyar kanta, a rubuta garuruwan da aka wuce da abin da aka gani a tasha, domin wanda ya saba lura da yadda marubuci yake kwatanta kasuwar da babu ita yakan fara ganin kasuwar gaske da idon basira.

Na huɗu, a rufe littafin a ƙarshen babi tun kafin a iso tasha, a tattara kaya, a lura da jaka da waya. Idan an sauka masauki an huta, a duba sunayen da aka rubuta sau ɗaya kafin barci, a sa alama a shafin da za a ci gaba a hanyar dawowa.