Yadda Ɗalibi Zai Tunkari Kwas ɗin Tarihin Falsafar Zamani

A galibin jami'o'i, kwas ɗin tarihin falsafar zamani yakan fara ne daga René Descartes na Faransa, wanda aka haifa a 1596, ya tsaya a kan Immanuel Kant na Jamus, wanda ya rasu a 1804. Ɗaliban da suka fi shan wuya a cikinsa su ne waɗanda suka ɗauke shi a matsayin jerin sunaye da shekarun da za a haddace, alhali muhawara ce guda ɗaya mai tsawo a kan tambaya ɗaya: daga ina ilimin ɗan Adam yake samuwa, kuma ina iyakarsa? Duk wanda ka karanta, ka fara da tambayar wa yake mayar wa martani.

Kafin ka buɗe littafin kowa, ka san halin da Turai take ciki. Yaƙin shekara talatin, wanda rikicin addini ya assasa, ya gudana daga 1618 zuwa 1648, kuma a 1633 ne cocin Katolika ta hukunta Galileo saboda goyon bayan ra'ayin cewa duniya ce take zagaya rana. Labarin hukuncin ya sa Descartes ya fasa buga wani littafinsa na kimiyya. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda mutumin ya dage wajen neman tabbas ba.

Daga nan sai karatun matani na asali, wanda a nan ne aikin yake. Takardun lakca suna da amfani, amma ba za su maye gurbin littafin ba. Ka fara da Meditations na Descartes, wanda ya fito da harshen Latin a 1641. Babi shida ne kawai, kuma ya fi kyau a karanta ɗaya a zama guda, sau biyu: na farko don gane inda aka dosa, na biyu da biro a hannu. A karo na biyun, ka fitar da kowace hujja a takarda, muƙaddimominta a sama, natijarta a ƙasa, kamar yadda masu karatun manɗiƙi suke yi. A babin farko, misali, ya ce gaɓoɓin ji sukan yaudare mu, ya ce ba mu da alamar da za ta tabbatar mana cewa ba mafarki muke yi ba, sannan ya ƙaddara wani mayaudari mai ƙarfi da zai iya ruɗar mu ko a lissafi. Sai a babi na biyu ya sami abin da kokwanto bai taɓa ba, wato samuwar shi mai kokwanton. Idan ka jera su haka, za ka iya nuna wa malami ainihin muƙaddimar da ba ta gamsar da kai ba, wanda ya fi cewa "ban yarda ba" nesa ba kusa ba. Gimbiya Elisabeth ta Bohemiya haka ta yi a wasiƙarta ta 1643, inda ta tambayi Descartes yadda rai, wanda ba shi da jiki, yake iya motsa jiki, kuma amsar da ya ba ta ba ta gamsar da ita ba.

Malamai sukan raba masanan gida biyu: Descartes da Spinoza da Leibniz, masu fifita hankali, sai Locke da Berkeley da Hume, masu cewa ilimi daga gani da ji da taɓawa yake farawa. Rabon yana taimakawa wajen bita, sai dai a ganina bai kamata a riƙe shi da ƙarfi ba, domin Locke kansa ya ɗauki abubuwa da yawa daga Descartes. Spinoza kuwa, da yake ya tsara littafinsa na 1677 kamar darasin lissafi, kada ka tsallake ma'anonin da ya gindaya a farko.

Ɗalibin da ya yi karatun zaure yana da wani jari a nan. Hume ya ce ba mu taɓa ganin tilascin da ke tsakanin sababi da sakamako ba, abin da muke gani kawai shi ne wani abu yana bin wani, sabo kuma ya sa muke tsammanin haka zai ci gaba. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga ya yi irin wannan magana da misalin wuta da auduga. Kwatanta su yana ƙara wa rubutu armashi, muddin ka bayyana bambancin, domin Ghazali ya mayar da aikin ga ikon Allah, shi kuwa Hume ya mayar da batun ga ɗabi'ar tunanin mutum. Haka kuma, za ka ci karo da ra'ayoyin da suka saɓa wa aƙidarka, kuma abin da ake nema a gare ka shi ne ka bayyana hujjar daidai kafin ka soke ta.

Kant yakan zo ne a ƙarshen zango, lokacin da jarrabawa ta ƙarato kuma kowa ya gaji, saboda haka ka tanadar masa lokaci tun da wuri. Babban littafinsa na 1781 yana da nauyi ƙwarai, shi ya sa ya fi sauƙi a fara da ƙaramin littafinsa Prolegomena na 1783, inda ya ce Hume ne ya farkar da shi daga barcin karɓar ra'ayi ba tare da bincike ba. Idan bayaninsa ya gagare ka, ka koma ka sake karanta abin da Hume ya faɗa a kan sababi, sannan ka dawo ka duba amsar Kant, wato cewa hankali ne da kansa yake ɗora tsarin sababi a kan duk abin da gaɓoɓi suka kawo masa.