Tamagoyaki: Yadda Ake Nannaɗe Wainar Ƙwai Mai Zaƙi ta Japan

Tamagoyaki wainar ƙwai ce da ake soyawa falle-falle, ana nannaɗe kowane falle a kan na baya har ta zama dunƙule guda. Mutanen yankin Kanto, wato ɓangaren Tokyo, sun fi son ta da zaƙi. Na Kansai kuwa, su Osaka da Kyoto, romon dashi suke yawaita mata, suna kiran ta dashimaki. Mai zaƙin ce za mu yi a nan.

Ga ƙwai 3, a tanadi sukari babban cokali 1, shoyu, wato ruwan waken suya, ƙaramin cokali 1, gishiri ɗan yatsu biyu, da dashi babban cokali 2. Dashi romo ne marar kauri da ake haɗawa da ganyen teku mai suna kombu da busasshen kifi da aka kankare. In babu, ruwa ma ya wadatar. Japanawa kan ƙara mirin ƙaramin cokali 1, amma a sani giyar shinkafa ce mai zaƙi. Wanda ba ya so sai ya musanya da rabin ƙaramin cokalin sukari da ɗan ruwa. Kada a zarce wannan awo na romo a karon farko, domin duk yadda ruwa ya yi yawa, haka falle ke yagewa wurin naɗi. Shoyu ma in ya yi yawa, launin wainar zai dushe.

A fara narkar da sukari da gishiri a cikin romon, a zuba shoyu da mirin ko madadinsa, sannan a fasa ƙwan a kai. Ba kaɗawa ake yi da ƙarfi ba. A sa tsinken cin abinci ko cokali mai yatsu ana yanka farin ƙwan gaba da baya har ya haɗe da gwaiduwa, ba tare da kumfa ta taso ba, don kumfa ce ke barin ramuka a ciki. A tace da rariya. Wannan tacewar ita ke ba da laushi da launi bai ɗaya, bai kamata a tsallake ta ba.

Kaskon asali, makiyakinabe, mai kusurwa huɗu ne. Ƙaramin kasko mai zagaye da ba ya kamu ma yana yi, sai dai a datse gefuna daga baya.

Wuta ce babbar magana. Sukari na saurin ƙonewa, saboda haka matsakaiciya ake so. Amma in ta yi ƙasa sosai, ƙwan zai manne ya kuma ƙi tashi. A tsoma tishu a mai a shafe kaskon, har kusurwoyi. A ɗiga ɗigo ɗaya na ƙwan: in ya yi cuu ya kama nan take, kasko ya yi. In ya fara zafi fiye da kima, a ɗaga shi daga kan wuta na ɗan lokaci.

A zuba kashi ɗaya cikin huɗu, a karkata kaskon ya baje, a huda duk kumfar da ta taso. Da ƙasa ya kama, sama kuma na da sauran danshi, sai a fara naɗewa daga can nesa zuwa wajen mariƙi. Danshin nan shi ne ke manne falle da falle. In aka jira ya bushe, wainar za ta warware wurin yanka. Naɗin farko ko ya cukurkuɗe ba komai, a ciki zai ɓuya.

A tura naɗin can ƙarshen kasko, a sake shafa mai, a zuba kashi na biyu. A ɗaga naɗin kaɗan don ɗanyen ƙwai ya kwarara ƙarƙashinsa. Nan ne masu koyo suka fi mantuwa, kuma shi ya sa tasu ke rabuwa. Haka za a maimaita har ƙwan ya ƙare. A danna kowane gefe a jikin kaskon na daƙiƙa kaɗan don cikin ya nuna, musamman in za a sa ta a akwatin abinci na bento a ci daga baya.

Tun da zafinta a naɗe ta a tabarmar gora ta sushi, ko a tishu mai kauri, a bar ta minti 5 ta zauna. In aka yanka da wuri za ta farfashe, romonta ya tsiyaye. A yanka gida 6 da wuƙa mai kaifi, ana goge bakin wuƙar da ɗanyen tsumma tsakanin yanka da yanka. A Japan akan ajiye gogaggen daikon, wani farin kayan lambu mai siffar babban karas, a gefe, a ɗiga masa shoyu, don ya rage nauyin zaƙin.