Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaukar hoton ƙwari da gizo-gizo kusa-kusa

Duk wanda ya fara wannan harka ya san takaicin nan, ka durƙusa cikin ciyawa kusan awa biyu har gwiwa ta yi tsami, a ɗan sikirin ɗin kyamara komai ras yake, ka dawo ka buɗe a kwamfuta sai kaga cikin hoto ɗari biyu ko biyar na kirki babu. Daga nan sai mutum ya hau zargin kyamararsa yana lissafin sayen sabon lens. Ni dai abin da na lura da shi, yawancin ɓarnar daga gaggawa take da kuma yadda mutum ke riƙe jikinsa.

Babbar matsala fokas ce. In ka matso har ƙwaron ya fito da ainihin girmansa a kan sensa (farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara), wato abin da ake kira 1:1, wurin da zai fito tar bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba ko da kana kan f/11 (lambar f ita ce ma'aunin ƙofar lens, iya girman lambar iya tsukewar ƙofar). Milimita fa. Shi yasa zaka ga fuffuken ƙuda ya fito tangaran amma idonsa dishi-dishi, kuma in ido bai fito ba hoton ya mutu komai kyan sauran jikin. Masu farawa suna barin kyamara ta nemo fokas da kanta, ita kuma sai ta yi ta gaba da baya tana kama ganye tana saki har ƙwaron ya gaji ya tashi. Kashe otomatik ɗin. Ka saita girman da kake so da hannu, sannan kai da kanka ka riƙa matsawa gaba a hankali kana ja baya kaɗan-kaɗan kamar mai gyangyaɗi, da zarar ƙananan ɗigo-ɗigon cikin idon sun bayyana ka danna, ka ɗauki uku ko huɗu a jere don da wuya na farkon ya dace. Sannan ka tsaya ta gefen ƙwaron yadda tsawon jikinsa zai yi daidai da fuskar lens, fara ko mazari in ka ɗauke su ta gefe daga kai har jela za su iya shiga fokas, in kuwa ta gaba ne to ka haƙura da fuska kawai.

Wasu da sun ji wannan sai su ce ai shikenan bari mu kai f/22 ko f/32 komai ya fito. Nan ma an faɗa wani ramin, don in ƙofar lens ta tsuke da yawa haske yana bazuwa a bakinta sai hoton gaba ɗaya ya yi laushi kamar an shafa masa mai. A 1:1 ma f/16 ɗinka aikin f/32 yake yi. Tsakanin f/8 da f/13 nan ne ni nake zama.

Sai haske, wanda gaskiya shi ne ya raba hoton da ake tsayawa a kalla da wanda ake wucewa. Filasha tsirara a kan buzuzu ko kudan zuma ba ƙaramin ta'adi take yi ba, jikinsu ƙyalli gare shi, sai kaga wani farin tabo ya ƙone a bayansa, ƙarƙashinsa kuma baƙi ƙirin. Ba sai ka kashe kuɗi ba, farar takarda mai ɗan kauri ko farin soso na cikin kwalin kaya ka lanƙwasa shi a saman lens yadda hasken zai ratsa ta ciki, iya girmansa da kusancinsa da ƙwaron iya taushin hasken. Ka sa shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, a 1/200 na daƙiƙa, ISO kuma, wato ƙarfin jin haske na kyamara, 100 zuwa 400, ka rage ƙarfin filashar zuwa 1/8 ko 1/16, don in ƙarfinta ya ragu walƙiyarta gajera ce sosai kuma ita ce ke tsayar da rawar hannunka. In bayan hoton yana fitowa baƙi kamar da daddare aka ɗauka alhali da rana tsaka ne, hasken ne bai kai can ba, ka canja kusurwa yadda wani ganye zai kasance dab da bayan ƙwaron, ko ka ɗan ƙara ISO.

Iska kuma abokiyar gaba ce ta gaske. Ƙafar nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai ba ta maganin reshen da ke kaɗawa. Dabarar da ta fi min aiki, in kama reshen a hankali da hannun hagu sannan in ɗora bakin lens a kan wannan hannun, duk inda reshe ya yi kyamara ma ta yi.

Lokacin fita ma ana kuskurensa sosai. Da rana ta take ƙwari sun ɗumama, kafin ka ɗaga kyamara sun ɓace. Zafin jikinsu daga waje suke samu, shi yasa da sassafe zaka tarar da malam-buɗe-littafi ko mazari a maƙale jikin ciyawa raɓa ta jiƙa shi sharkaf ko motsi ba ya iyawa, nan kam sai ka more. Kuma kar ka bari inuwarka ta faɗa masa, kar ka zo masa ta sama kamar tsuntsu, sunkuya ka zo daidai tsayinsa. Hoton da aka ɗauka daga tsaye bayan ƙwaro kawai yake nunawa da ƙasa. In mazari ya tashi kar ka bi shi, sau da yawa kan tsinken da ya bari yake dawowa, zauna nan ka saita fokas ka jira.

Gizo-gizo mai tsalle shi na fi so wallahi. Ido takwas gare shi, biyun gaba manya kamar fitilun mota, kuma in ka nutsu shi da kansa zai juyo ya ɗaga kai yana kallon lens, wani lokacin ma ya diro a kai. Mai saƙa kuwa jijjiga yake ji, ka taɓa zare ɗaya ko reshen da yanar ke ɗaure ya gudu ya ɓuya, saboda haka kafin ka matsa duba inda zarurrukan suka kama.

Akwai abin da ke ɓata min rai, masu kama ƙwaro su saka a firij ya sandare sannan su ajiye shi a kan fure, ko su fesa masa ruwa wai raɓa, ko su yaga yanar da gizo ya kwana yana saƙawa don ta tare musu hanya. Wanda ya san ƙwari kallo ɗaya zai gane, ƙafafu a nannaɗe, zama ba irin nasa ba, ga shi wasu ba sa farfaɗowa. In ka ɗaga dutse ko icce ka mayar da shi yadda ka same shi, gidan wani ne, kuma da sanda ko bakin takalmi ake ɗagawa saboda kunama.

In da waya kake ɗauka duk wannan ya shafe ka, ƙari kawai ka daina zum da yatsa, ka samo ɗan lens ɗin nan da ake maƙalawa, ka danna sikirin ka riƙe har fokas ya kulle a kan ido, ka jingina gwiwar hannu a ƙasa, ka saki numfashi kafin ka danna.