Yadda Ake Dasa Reshen Shuka Mai Tulu a Kaduna

Shuka mai tulu, wadda masana ke kira Nepenthes, ta fito ne daga dazuzzuka masu laima irin na Borneo da Sumatra, kuma tana kama ƙwari da ɗan tulun da ke rataye a ƙarshen ganyenta. A Kaduna, damina ce lokacin dasa reshenta, musamman daga Yuni zuwa Agusta, domin iskar hunturu tana busar da reshe tun bai yi saiwa ba.

A zaɓi koren kara mai lafiya, a yanke shi da sabuwar reza, a bar masa gaɓa 2 ko 3, saboda daga ɗan idon da ke saman gindin ganye toho yake fitowa. A cire ganyen ƙasa, sauran kuma a datse rabinsu.

Abin da za a dasa shi a ciki, a ganina, shi ya fi buƙatar kula. Ƙasar lambu da taki suna ƙona saiwarta, don haka a samo zaren kwakwa, a jiƙa shi a wanke sau da yawa har gishirinsa ya fita, sannan a binne gaɓar ƙasa a ciki. Ruwan sama za a riƙa ba ta, domin na burtsatse kan zo da ma'adinan da ba ta jurewa.

A rufe tukunyar da farar leda, a ajiye a inuwa mai haske. Saiwar baƙa ce, siririya kamar gashi, tana iya ɗaukar wata 2 ko fiye, kuma kada a tumɓuke reshen don a duba.