Yadda ake haɗa kwandon maraba na baƙin biki a Jos

Baƙon da ya taso daga Kano, Sakkwato ko Maiduguri yakan iso Jos da yamma, a gajiye, sanye da kayan shan iska. Garin kuwa yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma daga Disamba zuwa Janairu sanyin dare ba ya wasa. Don haka kwandon da za ku ajiye masa a masauki, daren farko zai yi wa aiki. Da wannan za ku auna duk abin da za ku saka.

Ku fara da lissafi. Ɗaki ake ƙirgawa, ba kai ba: miji da mata kwando ɗaya, ƙawaye huɗu a ɗaki ɗaya kwando ɗaya mai ninkin kaya. A kan kowane goma ku ƙara ɗaya, domin ba a rasa gwaggon da ta ce ba za ta samu zuwa ba, sai ga ta da jikoki. Waɗanda aka sauke a gidajen 'yan uwa kuma, babban kwando guda ake kai wa uwargidan, ita ta san rabo.

Ga ɗakin mutum biyu, ruwan gora huɗu ya isa zuwa safe. Sai kayan shayi: ganyen Lipton huɗu, ƙananan ledojin madara da sukari, da ɗan ƙullin citta da kanumfari. Amma ku tambayi otal ɗin tukuna ko akwai butar dafa ruwa a ɗakuna. In babu, ku yi magana da su su riƙa kai ruwan zafi a filas da asuba, in ba haka ba shayin ya zama ado. Ku haɗa da ƙaramin man Vaseline ko man kaɗanya saboda tsagewar leɓe da faso, da safa mai kauri ƙafa biyu. Safar nan ita ce mafi arha a kwandon, ita ce kuma dattawa suka fi sa wa albarka.

Abin taɓawa ya zama busasshe: cincin cikin gwangwanin madara biyu, dabino kamar goma, soyayyar gyaɗa, ƙullin kilishi ko dambun nama. A nan ake yawan yin ɓarna. Cincin ɗin da aka ƙulle da ɗuminsa yakan yi gumi a leda ya saki, sai an bar shi ya huce sarai. Alkaki da nakiya a sa su a roba mai murfi, domin zuma da mai suna bin takarda su ɓata komai. Sabulu, humra da turaren wuta kada su kwana wuri ɗaya da abinci ko da an naɗe su. Dare ɗaya ya isa cincin ya ɗauki ƙamshin sabulu. A ba su tasu jaka daban. Goro kuma iskar hunturu tana busar da shi ya yanƙwane, sai a bar shi cikin ganyensa, a saka ranar rabo. Kwandon mai ciwon suga a rage masa zaƙi a ƙara gyaɗa, a yi masa alama a jiki.

Yana da kyau baƙo ya ga abin Filato: ruwan Swan da ake ɗurawa a Kerang, biskit ɗin Nasco na nan cikin gari. Sitiroberi yana burge mutane, amma ba ya jure jira ko danni. In za ku saka, a saye shi da safen ranar, kada a wanke, a ɗora shi can sama. Dankalin turawa da acca tsaraba ce ta komawa gida, a je Farin Gada a saya ranar sallama.

Sai takarda guda, wadda ta fi kilishin amfani. A rubuta ranaku da lokutan kamu, ɗaurin aure, walima da kai amarya, kowanne da wurinsa da wata alama da direba zai gane. A sa lambar mutum biyu masu ɗaga waya, ban da uwar amarya da ango, don ranar ba su san inda wayarsu take ba. A faɗa musu an hana acaɓa a cikin gari, Keke Napep ko tasi za su nema, masu saukowa a filin jirgin Heipang kuma a tanadar musu mota, akwai 'yar tafiya. A ƙasan takardar a nuna alƙibla. Buta da dadduma a ajiye su a ɗakin tun kafin su iso, ba kowane otal ke da su ba.

Busassun kaya a haɗa su kwana biyu kafin biki, masu nauyi a ƙasa. A manna suna da lambar ɗaki a jikin kowane kwando, a ba ma'aikacin karɓar baƙi jerin sunayen, ku riƙe kwafi. Mutum ɗaya daga cikinku ya zagaya bayan la'asar ya tabbatar an shigar da su ɗakunan, domin in an canja ma'aikata da dare, na safe ba lallai ya gaya wa na dare ba.