Yadda ake gwada tasirin ƙarfin haske kan haɗa abincin tsiro da ciyawar ruwa

Ƙirga kumfa ita ce hanya mafi arha ta nuna wa ɗalibi cewa ƙarfin haske yana sauya saurin da tsiro ke haɗa abincinsa. Koren ganye yana ɗaukar ruwa da iskar kabon dayoksaid, ya yi amfani da haske ya mai da su sukari, ya saki oksijin. A ganyen da ke sarari ba a ganin fitar wannan iska, amma a ciyawar da ke nutse cikin ruwa tana fita ƙwaya-ƙwaya ta bakin karan da aka yanke, har a ƙirga ta da ido. Tun 1779 masanin kimiyya Jan Ingenhousz ya lura cewa kumfar tana fita a haske, ta ɗauke a duhu. Malamin kimiyya a Maiurno ko Sinnar ko Madani zai iya haɗa kayan gwajin cikin yini ɗaya. Abin da ke ɓata sakamakon a nan Sudan zafi ne, kuma a kansa za mu fi daɗewa.

Fara da ciyawar. Wadda ake so ita ce mai siririn kara da ƙananan ganye, wadda duk jikinta ke ƙarƙashin ruwa, irin wadda ke toshe tur'a, wato magudanar ban ruwa, a gonakin Jazira. Kainuwa da bado ba su yi, domin ganyensu a sama yake, iskar ta bi sararin sama ta tafi. Gansakuka ma ba ta yi, ba ta da karan da za a yanka. Kada ka shiga ruwan, kuma kada ka aiki yaro ya shiga. Tur'o'in nan akwai tsargiya, ƙananan katantanwar da ke ɗauke da ita kuwa a jikin irin wannan ciyawa suke maƙalewa. Jawo ta da sanda mai ƙugiya, sa leda a hannu, ka tsince katantanwar, ka ɗauraye ciyawar da ruwan famfo, ka bar ta kwana biyu a bokiti a inda haske ke shiga amma rana ba ta dukanta.

Ruwan gwajin ya zama garau. Da damina, lokacin da kogi ya kawo laka, ruwan yana tare hasken da kake son aunawa, don haka a bar shi ya kwanta a tace. A lita ɗaya zuba rabin cokalin shayi na bikabonat, wato hodar soda ta yin kek, kimanin giram 2 da rabi. Ita ce za ta ba ciyawar kabon dayoksaid. Wasu suna cewa ai kanwa ma za ta yi tunda tana nan a gida. Ba za ta yi ba: kanwa gauraye take da gishiri da ƙasa, kaifinta ya fi na bikabonat, kuma ba ka san nawa ka zuba ba. Ƙullin bikabonat ɗaya daga kanti zai ishi aji guda har ya yi saura.

Zaɓi reshe mai tsawon santimita 8 zuwa 10, mai kore shar a kansa. Yanke gindinsa a karkace da sabuwar reza, hannunka da karan duka a cikin ruwa, don kada iska ta toshe bakin. Reza mai dakushi tana murƙushe ƙananan hanyoyin iskar da ke cikin karan, sai ka zauna kana jiran kumfar da ba za ta zo ba. Juya reshen, bakin da ka yanke ya kalli sama, ka ɗaura ɗan guntun waya a ɗaya gefen ya riƙe shi ƙasa, ka saka shi a kwalbar gwaji ko doguwar kwalba fara. Ruwan ya haura bakin karan da kamar yatsa biyu.

Ɗakin kuma ya yi duhu sosai. Ranar tsaka a Sudan tana kai luks 100,000 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne), hasken da ke shigowa ta taga ɗaya kan iya rinjayar fitilarka in ta yi nisa da kwalbar, sai ka ga matsar da fitilar bai sauya komai ba. Rufe tagogi da bargo ko kwali. Fitilar ta zama LED fara mai ƙarfi. Tocin waya ya yi rauni. In fitilar caji ce, a cika ta taf kafin a fara, domin haskenta yana raguwa a hankali yayin da batir ke sauka, ido kuma ba ya kama wannan raguwar.

Yanzu maganar zafi. Ta hanya uku yake shiga gwajin, kowacce da irin ɓarnarta.

Ta farko fitilar ce. Tsohon ƙwai mai zare, mafi yawan wutar da yake ci zafi yake mai da ita. In ka kawo shi santimita 10 daga kwalbar, ka ƙara haske ka kuma ɗumama ruwan a lokaci guda. Sashen aikin da ganye ke ɗaure kabon a cikinsa yana sauri da ɗumi, yakan kusan ninkawa a kowane ƙarin digiri 10 har zuwa wani iyaka. Kumfa za ta ƙaru, amma ba ka da hujjar cewa haske ne ya ƙara ta. Maganinsa shi ne ka tsoma kwalbar gwajin cikin babban mazubi mai ɗauke da ruwa lita biyu ko uku, mai bango a miƙe. Mazubi mai zagaye yana tattara haske wuri ɗaya kamar gilashin ƙara girma, ya ɓata maka lissafin nisa. Ko da LED kake aiki, sa wannan mazubin. Ma'aunin zafi ya zauna cikin ruwan tun daga farko har ƙarshe, a rubuta abin da ya nuna a kowane nisa. In ya motsa fiye da digiri ɗaya, tsaya ka sauya ruwan waje.

Ta biyu ita ce ta fi yaudarar masu koyo. Ana ɗebo ruwa mai sanyi daga randa a zuba a kwalba cikin ɗaki mai zafi. Ruwan sanyi yana riƙe iska fiye da ruwan ɗumi, saboda haka da ya fara ɗumama sai iskar ta fito, ta yi ƙananan ƙwayoyi a jikin gilashi da kan ganye. Ɗalibi ya gansu ya hau ƙirga da murna, alhali ko a duhu za su fito. Ka haɗa ruwan tun da daddare, ka bar shi ya kwana a ɗakin da za a yi gwajin. Kumfar da ake ƙirgawa ita ce kawai mai fita a jere daga bakin karan. Wadda ta maƙale a gilashi, ƙwanƙwasa kwalbar da yatsa ta tashi, ka manta da ita.

Ta uku zafin garin ne da kansa. A Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, ruwan da ya wuni a aji mai rufin kwano ya wuce abin da ciyawar ke jurewa, numfashinta ya ƙaru, ta cinye yawancin oksijin ɗin da take samarwa. A yi gwajin da sassafe, ruwa yana tsakanin digiri 22 da 28. In manhajar karatu ta ba da dama, a ajiye shi sai Disamba ko Janairu.

Shimfiɗa rula a tebur, ka auna daga ƙwan fitila zuwa ciyawar kanta, ba zuwa bangon mazubi ba. Fara da santimita 10, ka jira minti biyar kumfa ta daidaita. In ba ta kai goma a minti ba, sake yanka bakin ko ka ɗauki wani reshen, kada ka ɓata lokaci. Ƙirga na minti ɗaya sau uku, ka ɗauki matsakaici. Sai 15, 20, 30 da 40, kuma a kowane sabon wuri a sake jiran minti biyar, domin iskar da ta taru cikin karan tana ci gaba da fita bayan an janye fitilar. Mutum ɗaya ya ƙirga, wani ya riƙe agogo. In ka sake yanka karan a tsakiyar aiki, girman kumfar ya sauya ke nan, sai a koma farko. Da ka gama 40, mai da fitilar 10 ka sake ƙirgawa. In adadin ya yi nesa da na farko, batir ko zafi ko bikabonat ya sauya, sakamakon bai zaunu ba.

Wajen zana sakamakon, nisa ba shi ne ƙarfin haske ba. In ka ninka nisa, haske yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. In an ɗauki na santimita 10 a matsayin 100, na 15 zai zama kusan 44, na 20 ya zama 25, na 30 kusan 11, na 40 kusan 6. Waɗannan za ka jera a layin kwance, yawan kumfa a na tsaye. Fitila mai faɗi ko mai madubi a baya ba ta bin wannan lissafi daidai a kusa, gara ka auna da manhajar luks ta waya.

Layin zai hau a miƙe a ƙaramin haske, sannan ya fara kwanciya. Inda ya kwanta, haske ya wadata, wani abu ne ya gaza, ko kabon ko ɗumi, kamar yadda masanin tsirrai Blackman ya bayyana a 1905. Don tabbatarwa, ninka bikabonat ka maimaita nisa biyu na kusa, ka ga ko layin ya ɗaga. A can nesa kuma kumfa na iya tsayawa cak ko da fitila na ci, domin abin da ciyawar ke samarwa bai wuce abin da take shaƙa ba. A gona ma haka abin yake da bambanci tsakanin amfani: ganyen alkama yana ƙoshi da haske tun rana ba ta kai tsaka ba, na dawa da gero da rake kuwa yana ci gaba da ƙara aiki har kusan cikakkiyar rana. Ragowar ciyawar a shanya ta a rana ta bushe, ruwan bokitin a zubar a busasshiyar ƙasa nesa da inda ake ɗiban ruwa.