Yadda Ikilisiya Za Ta Tsara Taimakon Waɗanda Aka Yi Wa Rasuwa

Ranar da aka yi rasuwa, mu Kiristocin Zariya ba ma kasawa. Kafin rana ta take gida ya cika, Zumuntar Mata sun ɗora tukwane, matasa sun kafa rumfa, mawaƙa sun fara waƙoƙin ta'aziyya. Bayan an kwashe kujeru ne muke tuntuɓe. Na taɓa leƙa wata 'yar'uwa a Tudun Wada makonni uku da binne mijinta, na tarar da ita zaune da takardar kuɗin makarantar yara a hannu. Ta ce mini, "Baba, tun da baƙi suka watse, kai ne na farko." Babu wanda ya yi mata haka da mugunta. Kowa yana zaton wani ya je.

A fara da kafa kwamiti tun mutuwa ba ta zo ba. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana manta wasu gwauraye wajen rabon abinci, mutum bakwai aka keɓe wa aikin. Biyar zuwa bakwai sun isa: dattijo guda, mata biyu, namiji daga Zumuntar Maza, matashi mai babur, da wanda shi ma ya taɓa binne nasa. Sharaɗin shiga shi ne riƙe sirri. A buɗe musu asusu da baiko na musamman, kada kuɗi ya fita sai da sa hannun mutum biyu, kuma a rubuta abin da kowane gida zai samu, domin kada makokin attajiri ya fi na mai gadi samun kulawa.

Da labari ya iso, mutum biyu su tafi nan take. Kada kowa ya saka hoton mamaci a WhatsApp ko Facebook sai an tabbatar uwarsa a ƙauye da 'ya'yansa a makaranta sun ji daga bakin mutum.

A nan ne muka fi yin kuskure da baki. "Sannu da haƙuri, Mama. Ubangiji ya ta'azantar da ku." Wannan ya isa. Sai a zauna. Abokan Ayuba sun yi kwana bakwai a ƙasa tare da shi ba su ce uffan ba, kuma sai da suka fara bayani suka ƙara masa ciwo. Kada a ce wa mace ta daina kuka wai mai bi ba ya kuka, alhali Yesu da kansa ya yi hawaye a kan Li'azaru. Kada a tambayi abin da ya kashe shi a gaban jama'a, kada kuma a bar masu neman wanda za a ɗora wa maita su sami wurin zama. Na ga gidajen da irin wannan magana ta raba har yau.

Sai shirin jana'iza. Mutum ɗaya ya riƙe littafin gudummawa, ya karanta wa iyali komai kowace yamma. Da yawa cikinmu asalinmu Kudancin Kaduna ne ko Filato, saboda haka kai gawa Zonkwa, Kafanchan ko Pankshin yana cin kuɗin mota, ga akwati, ga kuɗin ɗakin ajiyar gawa da ke ƙaruwa kullum. Fasto da dattawa su taimaki iyali su tsayar da rana kusa, su kuma ba su ƙarfin cewa a'a ga anko da yankan saniya in babu hali. Bashin jana'iza marayu ne ke biyansa. Abinci kuwa ikilisiya ce za ta kawo, kada a bar mai makoki tana tunanin shinkafar baƙi.

A tuna da maƙwabta Musulmi. Su a ranar suke binne nasu, don haka a sanar da su ranar jana'izarmu, a shimfiɗa musu tabarma inda za su yi gaisuwa cikin natsuwa. A Wusasa, inda cocin Saint Bartholomew yake tsaye tun 1929, akwai zuriyoyin da ke da Kirista da Musulmi a ciki, kuma makoki na duka ne.

Akwai aikin takardu da mai baƙin ciki ba zai iya bi shi kaɗai ba. A karɓi takardar shaidar mutuwa daga asibiti, a yi rajista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. In mamacin ma'aikaci ne kuma bai bar wasiyya ba, banki da kamfanin fansho sukan nemi takardar izinin kula da dukiya daga babbar kotu. A haɗa gwauruwa da lauya ko tsohon ma'aikaci daga cikin ikilisiya, ya kuma tsaya tare da ita in dangin miji suka zo kwasar kaya.

Mataki na ƙarshe shi ne mafi tsawo. Kafin a tashi daga kabari, kwamiti ya ba kowane gida mutum ɗaya, a rubuta sunansa, zai bi su har shekara. Mace ga mace, namiji ga namiji. Wata na farko ya je kowane mako, daga baya sau biyu a wata. Ranar Lahadin da za su koma sujada ya biya ya ɗauke su, domin shiga coci a ga gurbin da mamaci yake zama yana da nauyi. Ya tambayi kuɗin haya da na makaranta kai tsaye, tunda kunya ba za ta bari a faɗa ba. Kada a manta mazan da matansu suka rasu, su ne suka fi yin shiru, haka yaran da aka tura wajen gwaggo aka ɗauka ba su gane komai ba.

In watanni suka shige mutum ba ya ci, ba ya barci, ko yana cewa gara ya bi wanda ya tafi, a ci gaba da addu'a, a kuma raka shi wurin likita ba tare da jinkiri ba. Asibitin Koyarwa da ke Shika yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa.

Sakataren kwamiti ya ajiye kalanda mai ɗauke da Kirsimeti na farko, Ista ta farko da ranar cika shekara ta kowane gida. Ana saura mako guda ya buga wa mai bin gidan waya, ya tambaye shi ƙarfe nawa zai je.